Yaron da Aka Binne Sau Biyu

A gidan tarihin yaƙe-yaƙe na Imperial War Museum da ke Landan akwai wata igwa ta jirgin ruwa, faɗin bakinta inci 5.5. Garkuwar ƙarfen da aka yi mata gaba kawai ta tare, baya a buɗe yake, kuma ba ta sauka har ƙasa ba. A gefen wannan garkuwa ne wani yaro ɗan shekara 16, John Travers Cornwell, wanda ’yan gidansu ke kira Jack, ya tsaya da yammacin 31 ga Mayu, 1916, a tsakiyar wani karon jiragen ruwa na Yaƙin Duniya na Ɗaya, ɓaraguzan ƙarfe a ƙirjinsa, yana jiran umarni. Umarnin bai zo ba. Ranar 2 ga Yuni ya cika a wani asibiti a garin Grimsby, mahaifiyarsa tana kan hanya ba ta iso ba.

Turawan Ingila sun fi shekara ɗari suna tunawa da shi. Akwai titi da sunansa, an yi makaranta da sunansa, akwai gidajen tsofaffin sojojin ruwa da sunansa, har wani dutse a Kanada sunansa ya ci. ’Yan sikawut suna da lambar da ake kira da sunansa, wadda ake ba yaron da ya nuna juriya cikin wahala. Ni ma ina ganin ya cancanci a tuna da shi. Yadda aka yi tunawar ne nake da magana a kai, domin tun ranar da na bi labarin daga farko har ƙarshe raina bai kwanta da shi ba.

An haife shi ranar 8 ga Janairu, 1900, a Leyton, gabas da Landan, a gidan talakawa. Ya bar makaranta da wuri kamar yadda ’ya’yan unguwarsu ke yi, ya kama aikin kai kaya a kamfanin shayi na Brooke Bond. A 1915, yana da shekara 15, ya shiga sojan ruwa, riƙe da takardun shaida daga hedimastansa da kuma ubangidansa na wurin aiki. Aka kai shi barikin horo a Plymouth, ana biyansa sisi a mako. Can aka koya masa aikin saita awon igwa. Aiki ne na wanda ke sanye da waya a kunne, jami’in da ke can sama yana faɗa masa nisan abokan gaba, shi kuma yana murɗa ma’aunin igwar daidai da abin da ya ji. Mai wannan aiki ba ya barin wurinsa. Idan ya gusa, igwar ta makance.

Jirgin da aka tura shi, HMS Chester, sabo ne dal. Asali ma Girka aka ƙera wa shi, da yaƙi ya ɓarke gwamnatin Birtaniya ta karɓe. Jack bai fi ’yan makonni a cikinsa ba aka yi karon Jutland, a tekun da ke yamma da Danmak, karo mafi girma na jiragen ruwa a Yaƙin Duniya na Ɗaya: jirage kusan 250, mutane kusan 100,000, Admiral Jellicoe a ɓangaren Birtaniya, Admiral Scheer a ɓangaren Jamus. Chester yana gaba yana yi wa rundunar Admiral Hood leƙen hanya, sai aka hango walƙiyar harbi a cikin hazo, ya juya ya je dubawa. Fitowar da zai yi sai ga shi a gaban jiragen Jamus huɗu. Cikin ’yan mintoci suka yi masa luguden wuta. Da yake garkuwoyin igwoyin ba su kai ƙasa ba, ɓaraguzan harsasai suka riƙa bi ta ƙarƙashi da ta baya suna sare ƙafafun mutane. Cikin mutum goma da ke kan igwar gaba, biyu kacal suka tsira ba rauni.

Kyaftin ɗin jirgin, Robert Lawson, ya rubuta wa mahaifiyar Jack wasiƙa daga baya. A ciki ya gaya mata cewa ɗanta ya tsaya a wurin da ya fi ko’ina haɗari, yana jiran umarni, da tunanin ko za a buƙace shi. Ya kuma faɗi wani abu da masu ba da labarin kan tsallake: a lokacin igwar ba ta ma iya juyawa ta fuskanci abokan gaba. Wato yaron bai harba komai ba, bai nutsar da jirgin kowa ba, bai ceci kowa ba. Tsayawa ya yi. Ba raina tsayuwar nake yi ba. Duk wanda ya taɓa jin ƙarar harbi kusa da shi ya san ƙafa ba ta shawara da mai ita. A ce yaro yana zubar da jini, gawarwakin abokan aikinsa a gefensa, bai nemi wurin ɓuya ba, wannan zuciya ce, kuma yabon gwani ya zama dole.

To amma dubi abin da ya biyo baya. Aka kawo gawarsa Landan, aka binne shi a maƙabartar Manor Park, a kabarin gama-gari irin wanda ake haɗa talakawa a ciki, da lamba a kan katako. Ba ganga, ba algaita, ba wakilin sarki. A wannan rana Jack Cornwell ɗaya ne kawai daga cikin mutum 6,094 da Birtaniya ta rasa a Jutland, kuma haka ya kwanta har kusan wata biyu.

Me ya sauya? Sai a duba halin da ƙasar ke ciki a wannan bazarar. Mutanen Birtaniya sun tashi da imanin cewa teku tasu ce, ranar da rundunarsu ta haɗu da ta Jamus magana ta ƙare. Sai ga sanarwa ta fito: jiragensu 14 sun nutse, na Jamus 11, kuma matattunsu sun ninka na Jamus 2,551 fiye da sau biyu. Gaskiya ne bayan karon jiragen Jamus sun koma gida, teku ta ci gaba da zama a hannun Birtaniya, amma wannan lissafin masana ne, ba ya share hawayen kowa. Ranar 5 ga Yuni ministan yaƙi Lord Kitchener ya nutse a teku. Ranar 1 ga Yuli aka buɗe yaƙin Somme a Faransa, inda sojojin Birtaniya sama da 19,000 suka mutu a wuni ɗaya. A farkon wannan shekarar kuma aka kafa dokar shiga soja dole, saboda masu kawo kansu sun ragu. Cikin wannan yanayi rahoton Admiral Beatty, ɗaya daga cikin kwamandojin Birtaniya a Jutland, ya fito a farkon Yuli, da ’yan layuka a kan wani yaro da ya tsaya a bakin igwarsa. Jaridu suka cafe. Jaridar Daily Sketch ta bankaɗo cewa gwarzon yana kwance a kabarin gama-gari, aka yi ta kururuwa.

Ranar 29 ga Yuli, 1916, aka tono shi. Aka ɗora akwatin a kan keken igwa, yara sojojin ruwa suna ja, jama’a sun cika tituna maƙil, manya suna biye, aka sake binne shi a wannan maƙabartar dai, amma a wuri na musamman. A watan Satumba aka ba da sanarwar ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a ƙasar, a watan Nuwamba kuma Sarki George na Biyar ya miƙa wa mahaifiyarsa Alice lambar a fadar Buckingham. Aka ware rana guda a makarantu da sunansa. Yara miliyoyi suka kawo kwabo-kwabo, aka tara fam 18,000 domin ɗakin jinyar nakasassun sojojin ruwa a gidan Star and Garter da ke Richmond. Aka rarraba hotonsa, aka rataye a azuzuwa.

Hoton nan ma da magana. Jaridu suna neman fuskar da za su buga, sai aka sa wa wani ɗan’uwansa kayan sojan ruwa aka ɗauke shi. Mai zane Frank Salisbury, da ya tashi yin babban zanen da ya fi shahara, ɗan’uwan Jack, Ernest, ya tsayar a gabansa. Ke nan fuskar da yaran Ingila suka yi shekaru suna kallo a bangon aji, ana ce musu ku yi koyi da wannan, ba fuskar mamacin ba ce. A wurina wannan kaɗai ya fallasa abin da ake nema. Ana neman yaro ne mai hular sojan ruwa da za a nuna wa sauran yara, kuma kowane ɗan gidan Cornwell zai iya cike gurbin.

Kuma wane hali aka ce su koya? Jiran umarni. A ƙasar da ke buƙatar dubban ɗaruruwan samari su fito daga rami su tunkari bindiga mai sarrafa kanta idan an busa usur, babu darasin da ya kai wannan amfani. Ban ce wani ya zauna a ofis ya ƙulla makirci ba. Waɗanda suka yi kuka a bakin titi ranar jana’izar, kukan gaskiya suka yi, da yawansu nasu ’ya’yan suke yi wa kuka, waɗanda ba a kawo musu ko gawa ba. Sai dai hukuma ta san inda za ta kafa tukunya ta tari wannan hawaye. Duk ɗaukakar da aka yi wa yaron, ba ta bar wurin da za a tsaya a tambayi manya ba: wa ya ƙera garkuwar da ba ta kai ƙasa ba, wa ya ajiye ɗan shekara 16 a wurin da kyaftin da bakinsa ya ce ya fi ko’ina haɗari. Idan ganga ta yi ƙarfi ba a jin mai tambaya.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta: kada ka auna mutanen jiya da mudun yau. A zamanin, ɗan talaka kan bar makaranta yana shekara 13 ko 14 ya shiga masana’anta ko ramin kwal, sojan ruwa kuwa yana ba shi abinci da sutura da sana’a, ƙila ma ya fi abin da ya baro a gida. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Mu ma a nan mun san ɗan shekara 15 da ke riƙe da gida. Amma mudun nasu na ɗauka na auna su da shi. A wannan yaƙin dai, dokar sojan ƙasa ta Birtaniya ta ce sai ɗan shekara 18 zai shiga, kuma ba a tura shi fagen fama a ƙetare sai ya kai 19. An karya dokar sau da yawa, yara sun yi ƙaryar shekaru masu ɗauka sun kau da kai, amma rubuta ta da aka yi shaida ce cewa sun san akwai shekarun da ba su dace da fagen fama ba. Sojan ruwa ne aka bar wa ƙofa a buɗe. Kuma ba a ce ba a ga illar ba: tun ranar 22 ga Satumba, 1914, jirgin ƙarƙashin teku na Jamus guda ɗaya ya nutsar da jiragen yaƙin Birtaniya uku, Aboukir da Hogue da Cressy, cikin safiya ɗaya, mutum sama da 1,400 suka tafi, cikinsu har da ɗalibai ’yan shekara 15 da aka kwaso daga kwalejin sojan ruwa ta Dartmouth. An yi surutu a lokacin, aka ci gaba. Abin da babba ya hango, in ji masu iya magana, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To manyan sun hango. Hedimasta ya sa hannu, ubangida ya sa hannu, mai ɗaukan soja ya buga hatimi.

Inda labarin ya fi ci mini rai shi ne gidan da yaron ya fito. Mahaifinsa Eli, tsohon soja da ya sake komawa bakin aiki da tsufansa, ya mutu da rashin lafiya a watan Oktoba na wannan shekarar ta 1916, tun kafin a miƙa lambar. Yayan Jack, Arthur, aka kashe shi a Faransa a 1918. Alice kuwa, matar da ta tsaya gaban sarki, wadda sunan ɗanta ya tara dubban fam, ta ƙare rayuwarta cikin talauci a ɗakin haya a unguwar Stepney, ta mutu a 1919. Shekara uku kacal tsakanin fadar Buckingham da wannan ɗaki. Kuɗin da aka tara sun tafi wurin aikin alheri, ban ce wani ya ci ba, nakasassun sojoji sun amfana. Amma a ce an tara kuɗi da sunan ɗanki a kowace makaranta a ƙasa, ke kuma kina fama da kuɗin haya! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A al’adarmu, mai zuwa gaisuwar mutuwa yakan zo da ɗan abin sadaka a hannu, kuma mutumin kirki shi ne wanda ake sake ganin ƙafarsa bayan arba’in, lokacin da aka naɗe tabarmi. Birtaniya ta zo gaisuwa da tambura, bayan arba’in ba a sake ganinta ba.

Sannan akwai waɗanda ba a tono ba. A wannan yammacin na Jutland manyan jirage uku suka tarwatse da wutar da ta kai ga rumbunan albarushinsu. Indefatigable na ɗauke da mutum sama da 1,000, biyu suka tsira. Invincible, jirgin Admiral Hood da Chester ke wa leƙen hanya, mutum shida suka fita, shi kansa Hood ya tafi. Queen Mary ya tafi da sama da 1,200. A kowane ɗayansu akwai yara sa’o’in Jack masu irin muƙaminsa. Su ma suna kan aikinsu lokacin da wuta ta tashi. Bambancinsu da shi, jirginsa ya dawo gida da kyaftin mai rai da zai ba da labari, kuma akwai gawar da za a ɗora a keken igwa.

A nan ne labarin ya taɓo mu, domin yaƙin nan kakanninmu ma sun yi shi. Rundunar Nigeria Regiment, wadda Hausa ce harshen barikinta, ta yi yaƙi da Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, daga nan aka kwashe ta a jirgin ruwa zuwa Gabashin Afirka. Bayan masu bindiga akwai ’yan dako, waɗanda ake karɓowa ta hannun sarakuna da hakimai, suna ɗaukar kaya a ka, cuta da yunwa suna kashe su fiye da harsashi. Ba a tsaya duba takardar haihuwar kowa ba, don babu ita. A watan Afrilun 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth ta fitar da rahoton binciken da ta sa aka yi, wanda ya nuna cewa aƙalla mutum 116,000, ƙila har 350,000, akasarinsu ’yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu a ko’ina ba, wasu ma ba a yi musu wata alama sam. Gwamnatin Birtaniya ta nemi afuwa a majalisa. Daular da ta binne yaro ɗaya sau biyu, ita ce ta kasa rubuta sunan dubbai ko sau ɗaya. Ban faɗi haka don in rage wa Jack komai ba. Ɗan talakan Leyton ya fi kusa da ɗan dakon da aka ɗauko daga ƙauyen Zazzau ko Bauci fiye da yadda yake kusa da masu jawabi a bakin kabarinsa.

Yau duniya ta yi wa abin suna. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 2000 ta nemi ƙasashe su hana tura wanda bai kai 18 ba fagen fama, dokar kotun duniya ta manyan laifuka kuma ta ɗauki sa ɗan ƙasa da 15 a yaƙi a matsayin laifin yaƙi. Sai dai na lura idan aka ce yaro soja, hoton da ke zuwa ran mutane baƙin yaro ne da silifas da bindigar da ta fi shi tsawo. Farin yaro mai hular sojan ruwa gwarzo ake ce masa. Har yanzu Birtaniya tana ɗaukar ’yan shekara 16 aikin soja da yardar iyaye, ko da yake ba ta tura su yaƙi sai sun kai 18.

Mu ma kada mu yi saurin nuna yatsa. Lokacin da Maiduguri ta shiga uku, matasan da aka fi sani da Kato da Gora suka tashi suka tsare unguwanninsu, kowa ya yaba, kuma sun cancanci yabo. Amma a cikinsu akwai yara a shingayen bincike da wajen sintiri. Sai da ƙungiyar ta sa hannu kan yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, aka sallami yara 833 a watan Oktoban 2018, aka ƙara 894 a watan Mayun 2019. Yanzu haka a ƙauyukan da ’yan bindiga suka addaba, idan aka ce ’yan sa-kai sun fita, a leƙa a ga shekarun wasunsu. Idan ɗaya ya faɗi mukan ce namijin duniya ne, ya mutu yana kare garinsu, mu yi masa addu’a, mu watsa hotonsa a waya. Gaskiya muka faɗa. Amma da wuya ka ji wanda ya tambayi dattijon da ya miƙa masa bindigar, ko hukumar da ta bar garin ba tsaro har ta kai ga yaro ne zai tsare shi. Duk 15 ga Janairu kuma a ajiye furanni, a saki tattabaru, manya su sayi ’yar alamar tunawa da ’yan mazan jiya su maƙala a ƙirji, matan mamatan kuwa a ji su a rediyo suna bin haƙƙin mazajensu daga wannan ofis zuwa wancan.

Idan za a tambaye ni yadda ya kamata a ba da labarin Jack Cornwell a aji, cewa zan yi a bayar da shi duka. A faɗi tsayuwar, don ta faru kuma abin girmamawa ce. A faɗi cewa igwar ba ta fuskantar kowa. A nuna wa yara gibin da ke tsakanin garkuwa da daɓen jirgi, a gaya musu manya ne suka zana shi haka. A faɗi kabarin farko kafin na biyu, a faɗi sunan Alice da unguwar da ta mutu. In an rataye zanen Salisbury, a rubuta a ƙasansa cewa wannan Ernest ne, yaron da aka sa wa kayan sojan ruwa aka ce ya tsaya cik har mai zane ya gama.

Bayan mutuwar uwar, wasu daga cikin ’ya’yan da suka rage suka tattara suka yi ƙaura zuwa Kanada. Lambar Victoria Cross ta zauna a hannun dangi har 1968, lokacin da ’yar’uwarsa ta kai ta ajiya gidan tarihin nan na Landan, inda igwar take.